Gurbin Inna a Jerin Fadama

Wana, wanda Inna ta fara haifa, bai taɓa riƙe fartanya har hannunsa ya yi kanta ba. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ce ai hassadar ƙani ce. Ku je tashar motar garin Isa ku tambaya. Za a nuna muku benci ƙarƙashin rumfar masu cajin waya, inda yake zama tun hantsi da hula a karkace, yana yi wa 'yan kabu-kabu sharhin siyasar ƙasa kamar da shi aka yi taron. Ya yi sayar da fetur a kwalba, ya bari. Ya yi dillancin babura, ya bari. Ya taɓa cewa za shi kiwon kaji, aka gina masa akurki, ko kaza ɗaya ba ta kwana ciki ba. Wannan shi ne mutumin da na yi takara da shi a kan fegin Inna, shi kuwa bai ma san ana takarar ba.

Fegin yana fadamar ƙauyenmu, can wajen Kurawa. Ina ƙarami gulbi ya sake hanya a wata damina, ya bar baƙar ƙasa mai laushi inda ruwa ke bi a da. Ba gonar kowa ba ce, sai dattawa suka yanka ta fegi bayan fegi, tun daga bakin ruwa har tudu, suka ba kowane gida ɗaya. Sharaɗin shi ne ba a gado, ba a sayarwa. Mai fegi yana riƙe da abinsa muddin yana iya aiki. Ranar da ya gaza, sai ya zo gaban dattawa ya faɗi da bakinsa wanda zai shiga gurbinsa daga cikin gidansa. Namu shi ne na bakwai. Da ciwo ya kwantar da Baba, uwar yara ya ce a sa, aka sa Inna. Albasa take yi a wurin da rani, da ɗan tattasai a gefe. Ni kuma, ko bayan da na zama malamin sakandare a Sabon Birni, duk Asabar da Lahadi ina can, ina duƙe cikin fangali tare da ita. Ban taɓa ɓoye wa kaina ba, ina son wurin nan. Ina son shi fiye da aikin koyarwa, kuma ban taɓa tunanin akwai wanda zai shiga gurbin Inna in ba ni ba.

Jerin sunayen masu fegi a hannuna yake. Da can sakataren ƙungiyar manoma ke riƙe da shi cikin wani littafin makaranta, gara ta cinye rabi, aka kusa ba hamata iska a kan wane ne na nawa. Sai aka ce ai wane yana da kwamfuta, a ba shi. Na karɓa, kuma ban karɓa don Allah kaɗai ba. Ina da abin da nake son gwadawa.

Ina karatu a Sakkwato na tsinci wani harshen kwamfuta wanda malamanmu ko sunansa ba su taɓa ji ba. A cikinsa kome jeri ne: jerin lambobi, jerin sunaye, jerin jeri. Abokan karatuna, in za su yi wa jeri aiki, sai su ce wa na'ura ɗauki na farko, yi masa kaza, koma ka ɗauki na biyu, yi masa kaza, haka har ƙarshe, kamar tsohuwa tana tsince wake. Su cika shafi guda suna zufa, malami ya ba su maki. A harshen nan sau ɗaya ake faɗa, a kan jerin gaba ɗaya, da alamomi kaɗan. Kuma ƙwararrun cikinsa suna da wani salo da ya fi kome burge ni: ba su raɗa wa abin da ake aiki a kansa suna. Mai rubutu na yau da kullum sai ya ce wannan sunansa kaza, wancan sunansa kaza, sannan ya fara kiran su ɗaya-ɗaya. Su ko sai su haɗa ayyukan kawai, wannan a bayan wancan, ba tare da sun ambaci abin da za a yi wa aikin ba. Ranar amfani ka miƙa wa rubutun abin, ya san inda zai bi da kansa. Tun da na iya wannan, duk rubutun da na ga an cika shi da sunaye sai in ji kamar ana yi mini tsawa a kunne. Na raina masu yin shi, har yau ban daina ba.

Jerin fadama bai da wani aiki sai guda: wane ya gaza, a cire sunansa daga gurbi na kaza, a sa na wane. Da hannu ma ana iya yi, a goge a rubuta. Amma ni so nake in rubuta shi da salon nan, kuma nan na ci karo da bango. Kowane aiki a harshen nan hannu biyu gare shi, yana karɓar abu ɗaya ta hagu, ɗaya ta dama. Maye gurbi kuwa abu uku yake so: sabon suna, lambar gurbi, da jerin da za a taɓa. Mai raɗa sunaye ba ruwansa, sai ya kira ukun ya wuce. Ni da na rantse ba za ni kira kowa ba, ina za ni sa na uku? Na daɗe ina juya abin a ɗakin malamai lokacin hutun tara, sauran malamai suna gardamar ƙwallo, suna leƙa allona suna cewa malam ya fara rubutun aljanu. Wai su malamai ke nan, mutum ya ga abin da bai sani ba, maimakon ya tambaya sai ya yi dariya. Daga ƙarshe na gane a ɗaure sabon suna da lambar gurbi wuri ɗaya a miƙa ta hagu, jerin ya zo ta dama, sai a kwance ɗaurin a ciki kowa ya kama wurinsa. Layi ɗaya ne, bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Da na gwada ya yi, sai da na miƙe tsaye, na rasa wanda za ni nuna wa.

Ƙauye na kai shi, su ma ba su san darajarsa ba. Harshen daga sifili yake fara ƙirga, ba daga ɗaya ba. To fegin farko, na bakin ruwa, na sarkin noma ne, wani dattijo mai ƙaton rawani wanda rabonsa da noma tun ina firamare. Ranar da na fara buga musu jerin a takarda, jikansa ya karanta masa, sai ga shi har ƙofar gidanmu da sanda.

"Ashe ni na sifili ga garin ga?"

Na yi ta bayani cewa lambar tana nufin babu kowa gabansa, shi ne a kan gaba. Ina! Ya ce a garin da aka yanke masa cibi ba ɗan boko da zai mayar da shi ba kome ba. Dole na ƙara ɗaya a kan kowace lamba in za a buga, don hankalin tsoho ya kwanta. A cikin na'ura dai har gobe sifili ne, kuma Allah ya sani ban ga lambar da ta fi dacewa da shi ba. Fegin Inna ya zama na bakwai a takarda, na shida a wurina.

Yanzu sai in faɗi yadda Inna take da wana. Ba ta kiran sunansa. Kowa a ƙasarmu ya san wannan, kunyar ɗan fari ce, kuma Inna ta haɗa ta gida biyu, don uwarta Bafillatana ce. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ko da kuskure, ko a bayan idonsa. In ya shigo gida sai ta kau da kai ta ce a kawo ruwa, ba ta ce a kawo wa wa ba. In ana lissafin 'ya'yanta a gidan biki, daga kaina take farawa. Ni kuwa sunana ya gaji a bakinta. A kira ni in ɗebo ruwa, a kira ni in kori awaki, a kira ni in kai tuwo gidan kawu, in na yi laifi a haɗa da sunan da zagi. Ina yaro na ɗauka wannan gata ne, ni ake so tunda ni ake kira. Da na girma har ba'a na taɓa yi mata, na ce Inna ke ma da salon ƙwararru kike magana, kina aiki a kan mutum ba ki ambace shi ba. Ta ce in tashi in ba ta wuri da shirmena.

Shekarar da gwiwarta ta ƙi, aka daina ɓoye-ɓoye. Ba ta iya duƙawa, kuma hanyar fadama ta zama ba a binta sai da rana tsaka, cikin jama'a, saboda halin rashin tsaro da ƙasarmu ta shiga. Aka sa ranar zama bayan la'asar, a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar masallaci. Gidaje uku ne za su sauya a shekarar. Na zo da kwamfutata cike da caji, na zauna gefen tabarma. Wana bai zo ba. An aika masa, ya ce yana da wani muhimmin taro a Isa, kuma na san taron, benci ne.

Biyun farko ba su ɗau lokaci ba. Tsoho ya faɗi sunan ɗansa, wani ya faɗi na ƙanensa, aka shafa fatiha, na rubuta suna da lamba. Sai aka zo kan Inna. Tana zaune can baya kan kujerar tsuguno, ta ja mayafi har goshi. Sarkin noma ya tambaye ta wa za a sa a gurbinta. Na riga na ɗora yatsuna, harafin farko na sunana ma na taɓa shi. Ta tsura wa ƙasa ido. Aka sake tambaya. Ta ɗan gyara mayafi ta ce:

"Ku sa wanda kunka sani."

Ni sai na ji daɗi. Wa aka sani a fegin nan in ba ni ba? Wa ke zuwa a kan babur da buhun taki? Na ɗaga kai ina jiran a kira ni, sai na ga dattawa suna gyaɗa kai suna kallon juna, ba wanda ya dubi inda nake. Liman ya ce to Allah ya sa albarka, ya ba babban ɗa ikon riƙewa. Sai a lokacin abin ya sauko mini. Da ni take nufi, da ta faɗi sunana kamar yadda take faɗinsa in akuya ta shiga rumbu. Mutum ɗaya ne a duniya da Inna za ta yi wa shiru.

Na ce ban yarda ba. Na ce dokar da su da kansu suka kafa ita ce mai fegi ya faɗa da bakinsa, kuma ba ta faɗi kowa ba. Na ce na'ura ba ta san wanda kuka sani ba, suna take so. Suka dube ni kamar na zo masallaci da takalmi. Wani kawunmu ya ce ashe boko har kunyar uwa yake cirewa, so nake a tilasta wa tsohuwa ta kira ɗan fari a bainar jama'a? Dattawan nan, da yawansu na san abin da suka yi wa iyakar maƙwabtansu da rani, yau su ne masu koya mini kunya.

Sakatare, wanda ko yaushe so yake a rabu lafiya ko da an rabu a kan ƙarya, ya kawo shawara wai a sa mu biyu. Na ce masa gurbi ɗaya suna ɗaya yake ɗauka. In ka ba layin nan lamba ɗaya sau biyu da suna biyu, ba gardama zai yi da kai ba, zai rubuta na farko, ya ɗora na biyu a kansa, na ƙarshe ya zauna. Sai ya ce to a fara sa ni, sannan a sa yayana, kowa ya shiga ke nan. Wallahi da gaske yake. Wasu har suka ce wannan shawara ta yi. Na rufe bakina, don in na buɗe shi abin da zai fito ba na gaban liman ba ne.

Sarkin noma ya faɗi sunan wana da ƙarfi, ya ce in rubuta. Na rubuta, na haɗa da shida, na miƙa wa layina tare da sauran biyun. Ko ƙiftawar ido bai kai ba. Layin da na sha wahala a kansa bai tambaye ni ko wa ya cancanta ba, ya yi aikinsa tsaf. Amma akwai abin da su ba su sani ba. A harshen nan maye gurbi ba ya taɓa tsohon jeri. Sabo yake fitarwa, tsohon yana nan yadda yake, sai in kai ka ce a ajiye sabon a madadinsa. Ban ce ba. Na nuna musu allo, suka ga sunan a layi na bakwai, suka watse. Na rufe kwamfuta da jeri biyu a ciki, ɗaya da Inna, ɗaya da ɗan benci, kuma ni kaɗai na san ba a gama ba.

Washegari da hantsi na same ta a tsakar gida tana tsinke zogale. Na zauna kan turmi na zazzage mata duk abin da ke cikina. Na tuna mata ranin da tsutsa ta faɗa wa albasa, wa ya kwana biyu yana feshi har ya kwanta ciwo. Na tuna mata injin ban-ruwa da na saya na kai, da hannuna na haɗa tiyo. Na ce mutumin nan da aka ba, a kai shi fadama a rufe masa ido a buɗe, ba zai iya nuna fegin ba. Na ce ba zai noma ba, ba da shi zai yi ga wani ya riƙa karɓar ɗan abin shan shayi. Na ce har yanzu ana iya gyarawa, ba a ajiye ba, kalma ɗaya kawai nake so ta faɗa, kalmar da take faɗa kullum ba a roƙe ta ba. Ta bar ni na gama, hannunta bai daina aiki ba. Ba ta musa ko ɗaya ba, wannan ya fi ƙona mini rai. Da ta ce ƙarya nake, da na sami abin faɗa da shi.

Sai ta kira sunana, a hankali, ta ce:

"Duk na sani. Kai ko an hana ma, kana ci. Shi in anka hana mai, ina za shi?"

Na ce to laifina ke nan da na tashi na nema? Ta ce ba ta ce laifi ba ne. Ta tura mini tiren zogale ta ce in miƙa wa matar ƙanena a madafa. Na miƙa. Haka aka raine ni, a kira ni in tashi.

A zaure na buɗe kwamfuta. Ba wanda ke kallona, kuma ba wanda zai iya gane abin da ke allon ko da ya kalla. Ina iya barin tsohon jeri, in ce na'ura ta yi kuskure, a sake zama, a sake tambayar ta, a yi ta yi har a gaji. Na san kuma ko sau nawa aka zauna shirun nan za ta yi, kuma duk zama sai an jawo ta da gwiwar nan zuwa gindin tsamiya. Na ajiye sabon.

Wana ya zo bayan sati a kan babur ɗin aro, da farar shadda da takalmi sau-ciki, wai ya zo ganin gonarsa. Ya gaida ni da fara'a, ya ce ya ji ni na yi rubutun, Allah ya saka. Inna ta kau da kai ta ce a kawo ruwa. Sannan ta kira ni ta ce in kai shi in nuna masa iyaka. Na kai shi. Yana tafe yana ɗage riga kada ta taɓa laka, yana tambaya ko wannan ganyen shi ne tattasai. Muka tsaya a kan na bakwai, ya dubi ƙasar da na san kowane lungunta, ya ce ai ya ɗauka ta fi haka girma.

Da muka koma gida na ce wa Inna za ni ɗauke injina. Ta ce in bar masa, me zai yi da fegi ba ruwa. Na bar shi, har da tiyon.

Kafin sanyi ya shiga, wana ya damƙa wurin ga wani mutumin Bafarawa, suna raba amfani, shi ya koma bencinsa. Dattawan da suka koya mini kunya ba wanda ya ce uffan, wai ai ba sayarwa ya yi ba. Jerin har yanzu a hannuna yake, duk shekara ina sauya musu sunaye, kuma duk lokacin da na buɗe sai idona ya faɗa kan na shida. Ranar Asabar in za ni gaida Inna, hanyar tana bi ta saman fadama. Daga kan babur nake jin injin yana aiki. Na san ƙararsa, kuma na ji tun bara cewa ba a sauya masa baƙin mai, ya fara tari. Ba na tsayawa.